Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin Sauya Kwamfutar Tafi-da-gidanka

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da yake yi wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Saboda haka ma'aikaci ko ɗalibi a Maiduguri yana iya tunanin komawa ga MacBook ta kamfanin Apple. Babu laifi, amma akwai hattara.

Manhajar da aka yi domin Windows ba ta aiki kai tsaye a kan macOS. Akawun da aikinsa ya rataya ga wata manhajar lissafi, sai ya tabbatar akwai irinta kafin ya kashe kuɗinsa.

Takardu sun fi na'ura daraja. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ruwa ya cinye bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. Lalle ne a kwafe komai wuri biyu, ɗaya a ajiye shi a wani gida dabam. Ma'ajiyar da aka tsara da NTFS, Mac tana karanta ta amma ba ta rubutu a ciki. Wadda aka tsara da exFAT kuwa tana aiki a duka biyun.

Mai sayen ta hannu kada ya biya sai an cire asusun Apple na tsohon mai ita a gabansa, domin wadda aka kulle, mai gyara a kasuwa ba ya iya buɗe ta.