Tsohuwar Zuma a Gidan Gem: Shin Sabon Wasan Tseren Mota Ya Cancanci Kuɗin Mutumin Ƙaura?

Bayan la'asar a Ƙauran Namoda, ƙarar ƙaramin janareto ce ke nuna maka inda gidan gem yake tun kafin ka hango ƙofarsa. Ɗan shago ne mai labule, da benci biyu, da talabijin huɗu jere a kan katako. Uku na ƙwallo ne, wannan ba ya canzawa. Na can lungu shi ne na mota. An raba allonsa gida biyu, yara biyu sun riƙe fad ɗin da wayarsa ta sha ɗaurin roba, jikinsu na karkata duk inda motar ta sha kwana. Wasu biyar na tsaye a bayansu suna jiran layi, suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: wanda aka tsere wa shi ke biya, kuma shi ke tashi.

Wasan da ke kan allon, Need for Speed: Most Wanted, ya fito tun 2005, wato ya girmi yawancin masu buga shi. Kamfanin Electronic Arts na Amurka, wanda ya fara wannan jerin a 1994, bai zauna ba tun daga lokacin: ya fitar da Carbon a 2006, da wani Most Wanted ɗin a 2012, da Payback a 2017, da Heat a 2019, sannan Unbound a Disambar 2022. Amma ka zaga shagunan Ƙaura, ka leƙa na Shinkafi da na Zurmi, tsofaffin ne ke cin kasuwa. Mai saurin yanke hukunci zai ce ci-baya ne kawai. Wanda ya zauna ya yi lissafi da mai shago zai ga cewa akwai dalilai, kuma su ne ke amsa tambayar ko sabon fitowar ya cancanci saye.

Abin da aka ƙara da abin da aka cire

Gaskiya ɗaya ce, sababbin sun fi kyan gani. A Heat, an gina birnin Palm City a kan fasalin Mayami, aka raba wasan gida biyu: da rana tsere ne na halal da ake tara kuɗi, da dare kuma tseren titi ne da ake neman suna, 'yan sanda na biye da kai. A Unbound an koma Lakeshore, mai kama da Shikago, aka ƙawata motoci da zane-zane irin na katun, hayaƙi da fukafukai na fita daga jikinsu. Ruwan sama a kan kwalta, hasken fitila a jikin bodi, ƙarar inji, duk sun bar na 2005 a baya nesa.

Sai dai a kan hanyar wannan ci gaba an yar da abu ɗaya, kuma shi ne dalili na farko. Underground 2 na 2004 da Most Wanted na 2005 suna ba mutum biyu damar yin tsere a talabijin ɗaya. Heat da Unbound ba su da wannan. Mai son karawa da abokinsa sai kowannensu ya mallaki na'urarsa, su haɗu ta intanet. Ga yaron da ke ɗakinsa a Landan wannan ba asara ba ce. A gidan gem kuwa ita ce jarin gaba ɗaya, domin abin da ake saya a can shi ne karawa, da ihun 'yan kallo, da tsiyar da za a yi wa wanda ya faɗi har gobe. Talabijin da mutum ɗaya zai riƙe yana bin labari na sa'a guda, sauran na hamma, bai biya kuɗin man da ya sha ba.

Lissafin aljihu

Dalili na biyu kuɗi ne. Unbound bai fito a PlayStation 4 ba, balle na 3 ko na 2. Sai PlayStation 5, ko sabon Xbox, ko kwamfuta mai ƙarfi. Ke nan sayen wasan na nufin sayen sabuwar na'ura, wadda ta fito a Nuwambar 2020 a kan dala 499. Shi kansa wasan dala 70 aka sa masa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira ta nemi matsayinta, sai ga dala ta haura 1,500 a 2024. A wannan farashi faifai ɗaya ya tashi naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ɗan acaɓa ko ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura ba ya buƙatar kalkuleta kafin ya gane inda maganar ta dosa.

PlayStation 2 kuwa an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, don haka gwanjonsa ya cika kasuwannin Legas da Kano, daga can yake gangarowa Gusau har ya iso nan. Idan ya lalace akwai mai gyara, idan fad ya mutu akwai na canji, wasanni kuma ana loda su a filashi da kuɗi kaɗan. Ba a ɓoye yake ba cewa yawancin waɗannan kwafi ne, ko sisi ba ya komawa ga kamfanin da ya yi su. Sabuwar na'ura ba ta karɓar irin wannan lodi cikin sauƙi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai shago ya ja da baya.

Wuta, mai da sabis

Dalili na uku shi ne wuta. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, tare da Sakkwato da Kebbi, kuma duk mai sana'ar da ta dogara da wuta a wannan yanki ya san ba ya rabuwa da janareto ko sola. Siririn PlayStation 2 ba ya cin wat 50. PlayStation 5 na cin kusan 200 idan wasa ya yi zafi, ga shi yana son babban talabijin kafin kyansa ya fito. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma tsallake 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kowace sa'a da inji ya yi yana ruri yanzu sai an tambaye ta abin da ta shigo da shi.

Na huɗu, wanda ya fi shafar wannan yanki fiye da Kano ko Zariya, shi ne sabis. Need for Speed na 2015 ba ya ma buɗewa sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka buga. Heat da Unbound suna da ɓangaren da ake bugawa ba intanet, amma gasar da mutane, da sababbin motoci, da gyare-gyaren da kamfani ke turowa masu cin gigabait da yawa, duk sai da data, wadda hukumar sadarwa ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Mutanen nan kuma ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. Aka rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, aka hana sayar da mai a jarka. Gusau aka fara maido wa sabis, sauran garuruwa suka ci gaba da jira makonni. A Afrilun 2024 ma, harin da aka kai garin Zurmi bai bar kayan sadarwa ba. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai zuba jarinsa a abin da ke mutuwa da zarar sabis ya ɗauke ba.

Wannan tsoro ba na ƙauye ba ne kaɗai. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan tserensa The Crew a ƙarshen Maris 2024, kusan shekara goma bayan fitowarsa, sai faifan da mutane suka saya da kuɗinsu ya zama marfin tukunya. Abin ya tayar da ƙura a Turai, har aka shiga tara sa hannu don a hana kamfanoni yin haka. Faifan 2005 kuwa ba mai iya kashe shi daga nesa.

Abin da hakan ya haifar

Sakamako na farko shi ne gidan gem ya tsaya cik a zamani ɗaya. A Most Wanted na 2005, ƙane yana neman doke Razor, babban abokin gabarsa a wasan, ya ƙwato motar BMW mai shuɗi da ruwan azurfa, kamar yadda yayansa ya yi shekaru da suka wuce, ya bi jerin 'yan tsere goma sha biyar ɗaya bayan ɗaya. Akwai daɗi a cikin wannan, domin wasan ya zama abin gado, har da sirrin hanyoyin da ake koya wa na baya. Akwai kuma rashi: duniyar wasannin bidiyo ta zama sana'a mai gasa da kyaututtuka da masu nuna bugunsu a YouTube suna samun kuɗi, kuma yaron Zurmi mai basira ba shi da ƙofar shiga.

Na biyu, masu neman sabo sun koma waya. Asphalt 8 na kamfanin Gameloft, wanda ya fito a 2013, da Asphalt 9 na 2018, da Need for Speed: No Limits na 2015, duk kyauta ake sauke su. Kyautar dai irin ta ɗan koli ce: a ba ka ɗanɗano, sannan a tsare ka da talla, ko a ce ka jira, ko ka sayi mota da kuɗin gaske. Abin da yaro zai ba mai shagon unguwarsu ya koma kuɗin data da na cajin waya. Wasan kuma ya tashi daga dandalin da manya ke iya leƙowa, ya shige ƙarƙashin bargo.

Na uku shi ne damuwar iyaye. Wasu na ɗora wa waɗannan wasanni alhakin gangancin da samari ke yi da babur, musamman a wajen rakiyar amarya, inda ake ɗaga taya ana jan totur har a kwashi wani zuwa asibiti. Zargin yana da inda ya kama, tunda wasan yana saka wa mai guje wa 'yan sanda da lada, kuma motar da ta yi raga-raga tana tashi garau cikin daƙiƙa biyu. Amma wasan babur a biki ya riga PlayStation zuwa garuruwan nan, kuma da yawa cikin masu yin sa ba su taɓa riƙe fad ba. Asarar da ta fi fitowa fili ita ce ta lokaci: makarantar allo ta yamma da aka tsallake, da aiken da aka manta, da canjin cefane da ya maƙale a hanya. A ɗaya gefen kuma, a garin da tafiyar dare a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko Zurmi ta zama kasada, uwa da yawa za ta fi samun natsuwa idan ta san ɗanta yana shagon bayan gida. Titin dare da babu kowa a kansa, wanda wasan ke nunawa a matsayin 'yanci, mutanen nan sun san shi da wata ma'ana dabam.

To, a saya ko a bari?

Ga mai gidan gem a waɗannan garuruwa uku, amsar a bari ce. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, tunda sabon wasan ba ya zaunar da mutum biyu a benci ɗaya. Idan yana da rarar kuɗi, gara ya zuba su a farantin sola da batir da fad masu ƙwari, ya rage abin da janareto ke haɗiyewa.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ya riga ya mallaki PlayStation 4 a ɗakinsa, Heat na hannu ciniki ne mai kyau: yana tashi a na'urar da yake da ita, labarinsa ba ya neman intanet, kuma farashinsa ya daɗe da saukowa. Unbound kuwa sai wanda ya riga ya sayi PlayStation 5 don wani dalili, yana da wuta tsayayya, kuma zanen katun ɗin bai dame shi ba. Sayen na'urar dala ɗaruruwa saboda shi kaɗai almubazzaranci ne.

Kafin kowa ya ciro kuɗi, tambaya uku sun ishe shi: zai tashi a na'urar da nake da ita? Zai yi aiki ranar da sabis ya ɗauke? Mutum nawa za su buga a lokaci ɗaya? Masu tsara waɗannan wasanni a Ingila da Amurka suna da wani gida a zuciyarsu, mai wuta dare da rana, da intanet, da yaro ɗaya a gaban allo. Ranar da suka tuna da shago mai benci biyu da yara bakwai, za a sake lissafi. Kafin nan, idan aka kira magariba a Ƙaura, mai shago zai kashe inji, yaran su watse suna gardamar wanda ya ci, gobe kuma BMW ɗin nan ta 2005 ce za ta sake fita titi.