Kalmomin Turanci na Tara Jama'a da Abin da Ke Bayansu

Ranar 30 ga Yuli, 1914, Sarki Nikolas na Biyu na Rasha ya amince a kira sojojin ƙasarsa gaba ɗaya. Ba a harba ko harsashi ɗaya tsakanin Rasha da Jamus ba, kuma babu sojan Rasha da ya taka ƙasar Jamus. Duk da haka, washegari Jamus ta ba Rasha wa'adin sa'o'i 12 ta janye umarnin, ranar 1 ga Agusta kuma ta shelanta mata yaƙi. Abin da ya hana manyan Balin barci shi ne abin da Turanci ke kira mobilisation, domin janar-janar na wancan zamani sun san in aka kunna shi, kashe shi sai Allah.

Aikin ya wuce a ce maza su fito. Kowane manomi da maƙeri da ya taɓa yin aikin soja ya san barikin da zai je, inda kakinsa da takalminsa da bindigarsa ke jiransa, ya kuma san jirgin ƙasan da zai hau. Jamus ta tanadi jirage kusan 11,000 don wannan jigila, har ta kai a wata gada da ke birnin Kolon jirgi na wucewa kusan duk minti goma, dare da rana. Ƙasar da ta yi jinkirin kwana biyu za ta wayi gari abokan gaba na bakin iyaka, nata mazajen kuwa suna gona. Ba mutane kaɗai ake tarawa ba: dawaki, kekunan doki, hatsi, duk hukuma na iya sa hannu ta ɗauka. A watan Satumba, da Jamusawa suka doso Paris, Janar Gallieni na Faransa ya tattara motocin tasi kusan 600 suka kwashi sojoji zuwa fagen daga na Marne. Direbobin ba su kashe mitarsu ba, daga baya gwamnati ta biya su kuɗin haya.

Kalmar ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci, tushenta kuwa mobilis ne na Latin, wato abin da ke iya motsi. Ma'anarta ke nan har gobe: a tayar da abin da ke zaune, a sa shi kan hanya da wata manufa. Shi ya sa ta samu gindin zama a Turancin Nijeriya. Ɗalibin da ya gama jami'a yana jiran ta kafin ya tafi bautar ƙasa, tsarin da aka kafa a 1973. Gwamnatin Babangida ta sa ta cikin sunan MAMSER a 1987, hukumar gangamin wayar da kai da Jerry Gana ya shugabanta. Ɗan kwangila kuwa ya fi kowa son ta, saboda ita ce sunan kafin alƙalamin da ake ba shi don ya kai ma'aikata da kayan aiki wurin gini. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙayyade shi da kashi 15 cikin ɗari a lokacin da aka kafa ta. Ayyukan da aka yi watsi da su a gefen titi shaida ne cewa wani lokaci kuɗin ne kaɗai ke motsawa.

Ba ita kaɗai ce ta fito daga bariki ba. Rally, wadda 'yan siyasa suka mayar tasu, asalinta sake haɗa rundunar da ta tarwatse ne bayan an sha kashi, don haka har yau tana ɗauke da ƙamshin ƙarfafa gwiwar magoya baya. Assemble ta fi sanyin hali: da ita ake tara ɗalibai a filin makaranta da safe, da ita ake kiran majalisar dokoki, da ita kuma ake harhaɗa mota, kamar yadda kamfanin Peugeot ya fara yi a Kaduna a 1975. Summit kuwa ƙololuwar dutse ce, sai da Churchill na Birtaniya ya yi amfani da ita a 1950 kafin ta zama sunan taron shugabannin ƙasashe.

Akwai wata da mutane ke wucewa ta gabanta kullum ba su kula ba. A harabar banki ko masana'anta ko babban otal za a ga koren allo an rubuta Muster Point, wani lokaci da hoton mutane a tsakiya da kibau huɗu suna nuna su. Muster ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin nunawa. A da, kwamanda kan jera sojojinsa a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don kada ya riƙa karɓar albashin waɗanda suka mutu ko suka gudu. Ma'aikatan bogi dai ba yau aka fara su ba. To wannan ƙirgar ita ce ran kalmar: in gobara ta tashi, a wurin allon ake kiran suna a san wanda ya rage a ciki. A daren 13 ga Janairu, 2012, jirgin ruwan Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasa rayukansu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau da yammacin ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba, domin doka ta ba da sararin sa'o'i 24. Daga 2015 aka wajabta yin atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Wadda ta fi su dafi ita ce mob, kuma abin mamaki uwarsu ɗaya da mobilisation. Gutsure ce daga mobile vulgus, baƙar maganar da masu ilimin Latin ke yi wa talakawa, wai taro ne mai juyawa duk inda iska ta kaɗa. Marubuci Jonathan Swift ya yi ƙorafi a 1710 cewa irin waɗannan gutsattsarin kalmomi na ɓata Turanci, amma ta zauna daram. Mai karanta jarida ya kamata ya sa mata ido. Crowd dandazo ne kawai, ba yabo ba zagi. Da an ce mob, an riga an yanke wa mutanen hukunci cewa 'yan tarzoma ne, kuma duk abin da ya same su su suka ja.

A Ingila wannan bambanci ya taɓa zama na rai da mutuwa. Dokar tarzoma da ta fara aiki a 1715 ta ce in mutum 12 ko fiye suka taru da hargitsi, alƙali ya karanta musu shela da sunan sarki, wanda bai watse ba bayan sa'a ɗaya ya aikata babban laifi. Ranar 16 ga Agusta, 1819, mutum kusan 60,000 suka hallara a filin St Peter's na Manchester don sauraron Henry Hunt kan neman 'yancin zaɓe. Masaƙa ne akasarinsu, sun zo cikin kayansu na fita kunya, da mata da yara. A wurinsu taro ne na lumana. Mahukuntan da ke leƙowa ta tagar wani gida kuwa barazana suka hango. Aka saki mahaya dawaki da takubba tsirara cikin jama'a. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Mahukuntan sun ce sun karanta shelar, da yawa daga waɗanda ke filin suka ce kunnensu bai ji ba. Jaridu suka laƙaba wa abin suna Peterloo, shaguɓe ga yaƙin Waterloo na 1815.

Kafin shekarar ta ƙare, majalisa ta ƙara tsaurara doka kan duk taron siyasa da ya haura mutum 50. Wani ɗan kasuwar auduga da ya shaida abin da ya faru, John Edward Taylor, ya kafa jarida a Manchester a 1821, wadda a yau ake kira The Guardian. Ita kuwa dokar tarzomar ba a soke ta a Ingila ba sai a 1967.