Pittsburgh: Birnin da ke roƙon mai ƙungiya ya buɗe bakin aljihu ko ya sayar

A farkon watan Afrilun 2025, ranar da ƙungiyar besbol ta Pittsburgh Pirates ta buga wasanta na farko a gida a sabuwar kaka, wani ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi a saman filin wasa na PNC Park, yana jan ƙyalle mai ɗauke da saƙo ga mai ƙungiyar, Bob Nutting, cewa ya sayar da ita. A ƙasa kuwa, 'yan kallo suka ɗauki maganar da baki, suka yi ta maimaita ta har ta cika filin. Kakar ba ta wuce mako guda da 'yan kwanaki da farawa ba, amma magoya baya sun riga sun yanke hukunci a kanta, domin sun ga yadda shugabannin ƙungiyarsu suka shiga kasuwar 'yan wasa a lokacin hunturu suka fito kusan hannu rabbana.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai, wannan fushi ba baƙo ba ne. Sai dai tsarin besbol na Amurka yana da nasa dokoki, kuma su ne ke ba mai ƙungiya damar ya riƙe kuɗinsa shekara da shekaru ba tare da wani abu ya same shi ba.

Yadda kasuwar take

Babbar gasar besbol ta Amurka, wadda ake kira MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. A watan Oktoba ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen fitar da gwani, wanda ke ƙarewa da gasar World Series. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba a wasa, kuma a nan ne kasuwa ke ci. A al'adar wannan gasa, ƙungiya takan sami ɗan wasa ne ta musaya da wata ƙungiya, ko ta ɗauki wanda ya sami 'yancin zaɓen inda zai je. Ɗan wasa ba ya samun wannan 'yanci sai ya cika shekara shida a babbar gasar. A shekaru uku na farko, abin da akan biya shi bai cika nisa da mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya kasance dala 760,000 a 2025.

Abubuwa biyu ne suka bambanta wannan gasa. Na farko, babu iyaka ga abin da ƙungiya za ta kashe a albashi. Akwai dai haraji da ake ɗora wa wadda ta haura wani adadi, wanda a 2025 ya tsaya a dala miliyan 241. Haka kuma babu ƙa'idar da ta tilasta wa ƙungiya ta kashe wani adadi mafi ƙaranci. Na biyu, ba a faɗawa ƙaramin rukuni. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a bana za ta dawo baɗi a inda take, da rabonta na kuɗin talabijin, har ma da fifiko wajen zaɓen sababbin matasa.

A wannan kasuwa ne Los Angeles Dodgers suka ba ɗan Japan, Shohei Ohtani, kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma a Disambar 2023. Shekara guda bayan haka, New York Mets suka ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15, wato kimanin miliyan 51 a kowace shekara. Albashin dukkan 'yan wasan Pirates a 2025 bai kai dala miliyan 100 ba. Ke nan abin da Soto shi kaɗai yake karɓa ya haura rabin abin da Pittsburgh ta biya ƙungiya sukutum a shekarar.

A hunturun da ya gabaci kakar 2025, Pirates sun yi musaya suka samo Spencer Horwitz, sannan suka ɗauki irin su Tommy Pham da Andrew Heaney da Adam Frazier a kan yarjejeniyar shekara ɗai-ɗai, suka kuma sabunta wa tsohon gwarzonsu Andrew McCutchen na shekara guda. Daga Disambar 2016, lokacin da suka ba mai jifa Ivan Nova shekara uku, har zuwa ƙarshen kakar 2025, ba su ba wani ɗan wasa mai 'yancin kansa kwantiragin da ya wuce shekara ɗaya ba. Mafi tsada da suka biya irin wannan ɗan wasa a tsawon wannan lokaci da kafinsa shi ne dala miliyan 39 da suka ba Francisco Liriano a 2014.

Tsohon miki

Pirates ba ƙaramar ƙungiya ba ce a tarihi. Sau biyar ta ɗauki kofin World Series: a 1909, 1925, 1960, 1971 da 1979. A nan Roberto Clemente, ɗan Puerto Rico, ya yi dukkan rayuwarsa ta wasa, kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Disamba, 1972, yana kan hanyar kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta afka wa a Nicaragua. Gadar da 'yan kallo ke takawa su haye kogin Allegheny zuwa filin wasa sunansa take ɗauke da shi, kuma katangar gefen dama ta filin tsayinta ƙafa 21, daidai da lambar rigarsa.

Bayan kakar 1992, wadda ita ce ta ƙarshe da suka zo na ɗaya a rukuninsu, Barry Bonds ya bar su ya koma San Francisco. Daga 1993 zuwa 2012, shekara 20 a jere, wasannin da aka ci su sun fi waɗanda suka ci. An ɗan sami sauƙi daga 2013 zuwa 2015, lokacin da suka shiga zagayen fitar da gwani sau uku a jere, har suka ci wasa 98 a 2015. Magoya baya sun zaci za a ƙara wa wutar itace. Maimakon haka, a Janairun 2018, cikin 'yan kwanaki kaɗan, aka musanya Gerrit Cole zuwa Houston, aka tura McCutchen San Francisco. Ƙasa da shekara biyu bayan nan, Cole ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 324 da Yankees.

Wannan ne ya sa mutumin Pittsburgh yake kallon Paul Skenes da farin ciki gauraye da fargaba. Skenes mai jifa ne da ƙungiyar ta zaɓa a matsayin na ɗaya a duk ƙasar a 2023. Ya fara wasa a babbar gasa a Mayun 2024, ya kuma lashe kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa. A 2025 ya lashe kyautar Cy Young, wadda ake ba mai jifa mafi ƙwarewa, ba tare da hamayya ba. A shekarun biyu, matsakaicin makin da ake ci a kansa a zagaye tara na wasa bai kai biyu ba: 1.96, sannan 1.97. Duk da haka, a 2025 an rubuta masa nasara 10 da rashin nasara 10, domin abokan wasansa masu bugu su ne suka fi kowa ƙarancin maki a duk gasar. Ƙungiyar ta kare da nasara 71 da rashin nasara 91, ƙasa da 76 da ta samu a kowace daga cikin shekaru biyun da suka gabata. An sallami koci Derek Shelton tun a watan Mayu, amma bai sauya zani ba.

Lissafin da ke hana magoya baya barci mai sauƙi ne. Skenes zai sami 'yancin tafiya bayan kakar 2029. Albashinsa a 2025 bai kai dala miliyan ɗaya ba, alhali mai jifa irinsa a buɗaɗɗiyar kasuwa yakan ci sama da miliyan 30 a shekara. Idan ba a kewaye shi da ƙwararrun masu bugu a yanzu da yake da araha ba, yaushe za a yi? Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma kowane hunturu da ya wuce ba a yi cefane ba, shekara guda ce ta fita daga cikin shida.

Kuɗin wa ake tsimi?

Akwai mai cewa ƙungiya dukiyar mai ita ce, ya kashe ko ya adana, ruwansa. Mutanen Pittsburgh suna da amsoshi biyu ga wannan, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun kuɗin gwamnati daga takarda zuwa aiki zai gane nauyinsu.

Ta farko ita ce filin wasan. A 1997 masu jefa ƙuri'a a yankin sun ƙi amincewa da ƙarin harajin saye da sayarwa da aka nemi a gina sababbin filaye da shi. Shugabannin siyasa suka sake shiri, suka haɗo kuɗi daga asusun jiha da na yankin, aka buɗe PNC Park a 2001. Kaso mafi tsoka na kuɗin ginin na jama'a ne, kuma hukumar gwamnati ce ta mallaki filin, ƙungiyar tana haya. Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce sabon fili zai kawo kuɗin shiga da za su ba ƙungiyar damar gogayya da manya. A shekara 25 na farko da ta yi a filin, sau huɗu kacal ta kare kaka da nasarori fiye da rashin nasara.

Ta biyu ita ce rabon kuɗin shiga. A ƙarƙashin yarjejeniyar gasar, kowace ƙungiya tana zuba kashi 48 cikin ɗari na abin da ta samu a yankinta a asusu guda, a raba daidai. Ma'ana, kuɗin Los Angeles da New York suna gangarowa Pittsburgh, da sharaɗin a yi amfani da su wajen inganta ƙungiya. A Fabrairun 2018, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta shigar da ƙorafi a kan Pirates da Miami Marlins da Tampa Bay Rays da Oakland Athletics, tana zarginsu da rashin kashe wannan kuɗi yadda aka tsara. Pirates sun musanta zargin. Da yake mafi yawan ƙungiyoyin kamfanoni ne masu zaman kansu da ba sa buɗe littattafansu ga jama'a, mai sayen tikiti ba shi da hanyar tantance mai gaskiya. Abin da yake gani shi ne ƙungiyar da aka saya a 1996 a kan ƙasa da dala miliyan 100, yanzu mujallar Forbes tana ƙiyasta darajarta sama da dala biliyan ɗaya.

A cikin wannan yanayi, ƙaramin kuskure ma yakan zama babba. A watan Afrilun 2025, 'yan kallo suka lura an cire wata alama ta tunawa da Clemente daga katangar gefen dama, an maye gurbinta da tallan abin sha. Iyalan marigayin suka nuna ɓacin ransu, ƙungiyar ta ba da haƙuri, ta mayar da alamar.

Hujjar masu tsimi

Shugabannin ƙungiyar, da babban manajanta Ben Cherington wanda ya kama aiki a 2019, sun dogara ne ga ra'ayin cewa ƙungiyar ƙaramin birni ba za ta iya cinikin gwanjo da attajirai ba, sai dai ta reni nata matasan. Sukan kuma nuna cewa sun kashe kuɗi wajen riƙe na gida, kamar dala miliyan 106.75 da suka ba Bryan Reynolds a 2023. Gaskiya ne kuma cewa kuɗin talabijin na yanki, wanda ƙananan ƙungiyoyi suka dogara da shi, ya girgiza tun da jama'a suka fara barin tashoshin kebul, har kamfanin Diamond Sports, mai nuna wasannin ƙungiyoyi da dama, ya bayyana karayar arziki a Maris ɗin 2023.

Kakar 2025 ma ta ba su abin kafa hujja. Mets, da Soto da tulin kuɗinsu, ba su shiga zagayen fitar da gwani ba. Milwaukee Brewers kuwa, waɗanda ke rukuni ɗaya da Pirates kuma birninsu ba babba ba ne, sun ci wasa 97, fiye da kowa. Sai dai wannan misali takobi ne mai kaifi biyu. Idan Milwaukee ta iya zuwa ta ɗaya a rukunin shekara uku a jere, to ƙanƙantar birni ba ta isa ta wanke Pittsburgh ba. Ga rowa, ga rashin iya reno. Kuma da Brewers suka haɗu da Dodgers a Oktoba, wasa huɗu aka yi, duka aka cinye su, Dodgers suka wuce suka doke Toronto Blue Jays, suka ɗauki kofi karo na biyu a jere.

Abin da ke tafe

Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba, 2026. Wasu masu ƙungiyoyi suna son a sa iyaka ga albashi, kamar yadda ake yi a ƙwallon kwando da sauran manyan gasannin Amurka. 'Yan wasa sun daɗe da ƙin wannan; a kansa aka yi yajin aikin 1994 da ya sa aka soke World Series. Takaddamar baya-bayan nan, daga Disambar 2021 zuwa Maris ɗin 2022, ta rufe gasar kwana 99. A gasannin da ke da iyakar sama, akwai kuma iyakar ƙasa da ke tilasta wa kowace ƙungiya ta kashe wani adadi, kuma wannan ɓangaren ne zai fi shafar Pittsburgh.

Kafin nan, dokar gasar ba ta ba magoya baya wata ƙuri'a ba. Nutting, wanda ke riƙe da ragamar ƙungiyar tun 2007, ya nuna ba shi da niyyar sayarwa. Abin da ya rage a hannun mutumin birnin shi ne muryarsa da kuɗin tikitinsa, kuma idan ya ƙaurace wa fili don ya hukunta mai ƙungiya, ya hana kansa kallon mai jifa mafi ƙwarewa da birnin ya gani cikin shekaru masu yawa, a 'yan shekarun da suka rage masa yana sanye da rigar Pirates.