Abubuwan Mamaki Game da Barcin Mai Jinyar Sankarar Mama

Matar da za a fara ɗaura wa maganin sankarar mama na jijiya, wanda a asibitocin Nijar ake kira shimiyo, akan gaya mata gashinta zai zube, amai zai dame ta. Ba a cika gaya mata barci ma zai ƙaurace wa idonta ba. A 2010 masu bincike na Jami'ar Rochester a Amurka suka fitar da sakamakon tambayar mutum 823 masu karɓar wannan magani, kusan takwas cikin goma barcinsu ya lalace tun daga zagayen farko.

Sau da yawa mai laifin deksametazon ne, wanda ake bayarwa tare da shimiyo don a tare amai. Ƙwayar nan ce dai da wasu mata ke saye a hannun masu tallar magani don su yi jiki. Tana kwaikwayon wani sinadari da jikin mutum ke yawan fitarwa da sassafe don ya farkar da shi. In aka sha ta da dare, sai jiki ya ɗauka gari ya waye: ƙarfe biyu mace tana zaune ido biyu, ga yunwa, ga bugun zuciya, mutanen gida na raɗe-raɗin ko iska ce ta taɓa ta. Shi ya sa likitoci suka fi son a sha ta da safe. Amma sauya lokacin sha aikin likita ne, ba na maƙwabciya ba.

Akwai wani ja wur cikin magungunan, doksorubisin, da ke mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu. Ba jini ba ne. Asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya ce da aka samo a turɓayar kudancin Italiya. Mace nawa ta kwana tana salati don ba wanda ya yi mata wannan bayani?

Abokin tafiyarsa, siklofosfamid, jikan iskar gubar da aka yi amfani da ita ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1942 aka fara gwada dangin wannan guba a kan mai ciwon daji a Jami'ar Yale. Yana iya cin mafitsara, don haka ake cewa a sha ruwa sosai. Wadda ta tara shan ruwanta sai bayan isha'i, ita da buta sai asuba.

Paklitaksel kuwa daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi, ɓawon da aka ɗebo a 1962. Yana taɓa jijiyoyin yatsu da tafin ƙafa, su riƙa yaji da tsira kamar an taka ƙarangiya, abin kuma ya fi tsananta in an kwanta.

Sai zufa. Shimiyo na iya tsayar da al'ada ko da mace ba ta kai arba'in ba, daga nan wani zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta farka zane ya jiƙe sharkaf. Ko cikin hunturu sai a ga ta yaye bargo, balle a Afrilu da zafin Damagaram ke haura maki 40. Tamoksifen, ƙwayar da wasu ke sha shekara biyar zuwa goma bayan shimiyo, ita ma haka take yi. Abin dariyar, a 1962 a Ingila an ƙera ta ne don hana haihuwa, da aka gwada a kan mata sai aka ga tana sa su saki ƙwai.

Gajiyar shimiyo ba irin ta wadda ta wuni a gona ba ce, barci ba ya warware ta. Bincike da dama ya nuna ɗan tattaki kullum ya fi yawan kwanciya rage ta, dogon barcin rana kuma cinye na dare yake yi. Ga mu da tausayi, da mara lafiya ta miƙe za ta ɗauki tsintsiya sai a ce, "Haba yaya, koma ki kwanta."

Wata matsalar kuma a gaisuwarmu take. Likita ya ce, "An tashi lafiya?" ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi," alhali ba ta runtsa ba. Shi kuma hankalinsa na kan takardar gwajin jini. In ba ta buɗe baki ta ce ba ta barci ba, ba za a duba mata ba, ko da yake akwai abin yi a kai.

Hanya ma tana cin nata rabon. Matar garin Zermu da aka rubuta wa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, bayan shimiyo sai ta shigo Damagaram, ta kama motar da ke tashi kafin asuba, ta yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa ta fara aikin gashi a 2021.

Alaƙar dare da wannan ciwo ba ta tsaya ga masu jinya kaɗai ba. A 2007 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon, duk da har yau masana na ja-in-ja a kai. Ƙasar Denmak ba ta jira a gama gardamar ba: zuwa 2009 ta riga ta biya diyya ga wasu ma'aikatan jinya da na jirgin sama da suka kamu da sankarar mama bayan shekaru suna aikin dare.