Bindiga Ko Tarin Harsashi: Wanne Ne Ya Kamata Magidanci Ya Saya?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa.

Bayan wata sallar Juma'a, wani dattijo da ya zo daga ƙauye ya tsayar da mu a ƙofar masallaci. Ya ce magidantan garinsu sun yi karo-karo bayan girbi, kuɗi sun taru, amma kai ya rabu biyu. Wasu na ganin a sayi bindiga ta zamani a ƙara a kan na gargajiya da masu gadi ke riƙe da su. Wasu kuwa na cewa bindiga ba harsashi sanda ce, gara a zuba kuɗin a kan harsasai, tunda akwai wanda ya yi alkawarin kawo su da araha. Abin da yake so ya sani shi ne wanne ya fi dacewa a shari'a.

Ba mu ɗauki tambayar da wasa ba. Wanda ya kwana a jeji da iyalinsa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba a yi masa wa'azin haƙuri daga inuwar birni a wuce. Hukumomi ma sun taɓa furta irin wannan magana. A shekarar 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta umarci mutane su nemi lasisin riƙe bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Talaka ya ji maganganun biyu, aka bar shi a tsakiya.

Kare kai halal ne

Malamai ba su yi saɓani ba a kan halaccin tunkuɗe wanda ya auka wa rai ko iyali ko dukiya. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, sai ya umarce shi kada ya miƙa, ya kare kansa, ya kuma sanar da shi cewa idan aka kashe shi a kan haka shahidi ne. Amma malaman fiƙihu sun ɗaure wannan izini da sharaɗi: a fara da mafi sauƙin abin da zai kawar da cutar, kuma idan maharin ya juya baya, izinin ya ƙare. Bin mutum har rugarsa ko ƙauyensu don ramuwa ya fita daga babin kare kai, ya shiga babin jini, kuma hukuncin jini na hannun shugaba da alƙali.

Tsarin da sunna ta bari

Akwai hadisin da ya fi kusa da tambayar dattijon nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Umar ɗan Khaɗɗab cewa daga dukiyar Banu Nadir, Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda, abin da ya rage kuma ya sanya shi a makamai da dawaki domin tanadin tsaro. Darasi biyu ne a nan. Na farko, ciyar da iyali ya gabaci sayen makami. Magidancin da ya kwashe rumbunsa ya sayi ƙarfe, ya bar yara da yunwa kafin damina, ya juya tsarin. Na biyu, tanadin makami aiki ne na jama'a a hannun shugaba, shi ke ajiyewa, shi ke rabawa, shi ke karɓa.

Ranar Uhudu ta ƙara fito da wannan fili. Maharba hamsin aka ɗora a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair. Baka na hannunsu, kwari na cike da kibau. Abin da ya jawo wa Musulmi asara shi ne saukar mafi yawansu daga inda aka tsayar da su, ba da izini ba. Garin da ke da bindiga da harsashi amma babu horo, babu shugaban da ake ji, babu wanda zai ce a dakata a dakata, bai sami tsaro ba tukuna.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, har da ƙananan bindigogin hannu, ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na farauta lasisinsu na hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda. Na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki kuwa suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Harsashi ma bai kuɓuta ba: riƙe shi ba da lasisi ba laifi ne mai zaman kansa. Hukuncin mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba yana kaiwa ɗaurin shekara 10. Magidancin da aka kama ya bar iyalin da yake son karewa ba kowa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Daga ina arhar ta fito?

A Amurka ana sayar da rarar harsasan soja a shaguna bisa doka, shi ya sa a can tambayar lissafin kuɗi ce kawai. A ƙasarmu babu irin wannan kasuwa ta halal. Harsashin yaƙi da ya zo hannun farar hula da araha, ko dai an yi fasa-ƙwaurinsa, ko an sace shi daga ma'ajiyar hukuma. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya nuna cewa bindigogin AK-47 guda 88,078 sun yi ɓatan dabo daga hannun 'yan sanda. Sayen kayan da aka san na sata ne haramun ne. Kuma dillalin da ya sayar wa ƙauye yau, ba abin da zai hana shi sayar wa ɗan bindigar daji gobe, da jarin da ƙauyen ya ƙara masa. Saboda irin wannan ne Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan sayar da makami lokacin fitina, ya kawo cewa sahabi Imran ɗan Husaini ya ƙi hakan.

Tarin harsashi kuma yana da nasa sharrin. Labarinsa ba ya ɓoyuwa a ƙauye, kuma da zarar ya isa daji, gidan da aka ajiye shi ya zama abin nema. Zafi da damshi suna lalata shi. Ranar da talauci ya matsa, wani zai ɗebi kaɗan ya sayar. Barikin soja na Ikeja ma, da duk masu gadinsa, ma'ajiyar makamansa ta yi bindiga ranar 27 ga Janairun 2002, mutane sama da 1,000 suka rasu. Ina ga ɗakin ƙasa da yara ke wasa a ƙofarsa? Annabin da ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya dafe tsininsu kada ya ji wa Musulmi rauni, ba zai yarda da sakaci irin wannan ba.

Amsar da muka bayar

Mun ce wa dattijon kada kuɗin jama'a su shiga hannun dillalin ɓoye, ko don bindiga ko don harsashi. Idan dole sai an auna sharrin biyun, tara harsashi ya fi muni, domin ya fi saurin yaɗuwa, kuma ya fi wuyar lissafi. Muka ba shi shawara su je wa hakimi da babban jami'in 'yan sandan yankinsu, su yi wa masu gadinsu rajista, su nemi a haɗa su da rundunar tsaron al'umma ta jiha, irin wadda Katsina ta ƙaddamar a 2023, Zamfara da Sakkwato kuma a 2024. Kuɗin da suka tara su tafi ga abin da doka ba ta hana ba: fitilu, wayoyi da cajinsu, man babur, abincin masu kwana gadi, da kula da marayun waɗanda suka rasu a bakin aiki. Wanda kuma ke da bindigar farauta mai lasisi, ya tsaya a kan abin da lasisinsa ya yarje masa, ya kulle bindiga daban, harsashi daban, nesa da yara.

Ga shugabanni kuwa, nauyin nan a wuyanku yake. Talakan da ya fara lissafin harsashi da kuɗin dawarsa, alama ce cewa an bar shi shi kaɗai, kuma Allah zai tambayi kowane makiyayi game da abin kiwonsa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya kare hannayenmu daga jinin da bai halatta ba. Allah ne Mafi sani.