ƊAKIN LEDA A GARKA: A KULA DA ZAFI

Ɗan'uwa mai garka na Tasawa da Mayahi, tun bayan farin 1984 noman rani ya zauna da gindinsa a ƙasarmu. Yanzu kuma kana jin labarin ɗakin leda, inda ake renon tumatir da tattasai. Kafin ka zuba kuɗinka, saurara.

A ƙasar Holanda sanyi ne abokin gabar manomi, shi ya sa yake rufe shukarsa cikin ɗakin gilashi. Mu nan zafi ne. A watannin Afirilu da Mayu zafin jihar Maraɗi yana kai digiri 40 a inuwa. Cikin ɗakin leda rufaffe ya fi haka nesa, don rana tana shiga, zafinta ba ya fita. Tumatir kuwa, in zafi ya wuce digiri 35, furensa zubewa yake, ba ya ɗa.

Ɗakin iri biyu ne. Mai rufi ruf yana tsare ƙwari, yana rage ɓarnar ruwa, amma sai da injin sanyi mai shan lantarki dare da rana. Ranar da wuta ta ɗauke da tsakar rana, shuka ta dahu. Mai rabin rufi yana da tagogi na raga. Panka tana jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen bango, iskar ta yi sanyi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya dace da busasshiyar iskar rani. Amma yana shan ruwa da yawa, kuma in damina ta kusa, iska ta yi laima, aikinsa raguwa yake.

To, me za ka yi?

1. Fara da inuwa. Gulbin Kaba bai rasa kaba ba. Rumfar tabarma ko ta karan hatsi ta isa renon dashe a zafin Oktoba.
2. Ɗaga rufi, ka bar kafa a sama, don iska mai zafi sama take hawa.
3. Sa raga a gefe maimakon leda.
4. In za ka sa panka, haɗa ta da faifan hasken rana. Lokacin da zafi ya tsananta, lokacin ne faifan yake ba da wuta.

Auna ruwan rijiyarka tukuna, sannan ka shawarci malamin gona na garinku.