Ruwan sanyi da ruwan zafi: abin da suke yi wa zuciya da hankali

Zuciyar babban mutum mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti guda, in yana hutawa. Ana jin bugun da yatsu biyu a wuyan hannu. Amma ba daidai take tafiya kamar agogo ba. In mutum ya ja numfashi, sai ta ƙara sauri kaɗan. In ya saki, sai ta rage. Wannan ba ciwo ba ne. Alama ce ta jikin da ya huta. Gajiya da zafin rana da ƙishirwa suna rage wannan sauyi, zuciya ta riƙa sauri babu sassauci.

LINZAMIN ZUCIYA

Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko har zuciya. Aikinta kamar na linzamin doki ne: in ta ja, zuciya ta rage gudu. Ruwan sanyi a fuska yana sa ta ja, balle in mutum ya riƙe numfashi. A shekarar 1870 wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya lura zuciyar agwagwa tana rage gudu ƙwarai in an nutsa kanta cikin ruwa. Daga baya aka gane mutum ma haka ne. Shi ya sa wanda ya wanke fuska da ruwan randa yake jin hankalinsa ya kwanta. Shan ruwa mai sanyi ma yana rage gudun zuciya kaɗan, amma na ɗan lokaci ne.

ƘISHIRWA DA HANKALI

Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Jiki yana fidda zufa don ya huce. Manomi ko mai haƙar rijiya yana iya zubda litar guda ta zufa cikin awa guda. Ga mutum mai nauyin kilo 50, litar guda kashi 2 ne cikin 100 na nauyinsa. In asarar ta kai haka, jini ya ragu, zuciya ta ƙara aiki, kai ya yi ciwo. Lissafi ya fara ruɗewa, karatu ya ƙi shiga.

Sanyin ruwa ba ya ƙara wa kowa basira. Amfaninsa shi ne, mutum ya fi shan ruwa mai sanyi-sanyi da yawa bisa ruwan da ya wuni a rana. Ruwan randa ko na tulu ya isa. Tulu yana tsatsa, iska ta busar da jikinsa, ruwan ciki ya yi sanyi. Tsabtar ruwa ta fi sanyinsa: ƙanƙarar da aka yi da ruwa mai dauɗa tana kawo zawo.

INDA HAƊARI YAKE

Wanke fuska daban, faɗawa cikin ruwa mai tsananin sanyi daban. Wanda ya faɗa gaba ɗaya, numfashinsa yana sarƙewa, zuciya ta zabura, jini ya hau. Lokacin ɗari, tsoho da mai hawan jini da mai ciwon zuciya su sirka ruwan wanka.

Ruwa mai zafi ƙwarai shi ma yana wahal da zuciya. Jijiyoyin fata suna buɗewa, zuciya ta yi sauri, jiri ya ɗebi mutum. Cikin shekarun 1970, likitoci a Zariya sun ga mata masu jego da yawa da ciwon zuciya. Sun danganta shi da wankan ruwan zafi, da kwanciya bisa gadon wuta, da kunun kanwa. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, a kai ta likita ran nan. Kada a jira gobe.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

1. A sha ruwa kafin a tafi gona ko makaranta, kada a jira ƙishirwa ta yi ƙarfi.
2. Fitsari ja kuma kaɗan alama ce jiki yana son ruwa.
3. Wanda rana ta buge, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi, a yi masa fifita, a kai shi likita. In ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki.
4. Jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da bazara.

Randa guda mai murfi da moɗa mai tsabta a ƙofar ɗakin karatu ba su da tsada. Rigakafi ya fi magani.